Ran da Ba a Busa Ƙahon Bariki Ba

Kwanakin nan duk inda mutum ya zauna a Gure magana ɗaya ce: sauran sojan Faransa da ke can babban birni, su tafi ko su zauna. Radiyo yana yi, samari suna yi a gindin dogon yaro, har mata da ba su taɓa ganin babban birnin ba suna yi a bakin famfo. Ni dai ina jin su, ina shiru. Ba don ba ni da abin cewa ba, sai don na taɓa jin wannan gardamar tun ina da goyo, a cikin garin nan. A lokacin kuwa ba a radiyo take ba. A tsakar gidanmu take, kuma a kan fuskar ɗana za ta ƙare.

Garin da nake faɗi ba wannan ba ne da kuke gani. Gidajen zana sun fi na ƙasa yawa, yashi yana shigowa har ƙofar ɗaki, in kika gangara kwari kuwa goriba da dabino ne har inda ido ya tsaya. Babu ƙarar mota sai a yi wata ba a ji ba. Abin da kunne ya saba da shi shi ne taɓarya, da kukan raƙuman fatake in ana ɗora musu kanwa, da igiyar guga tana gogar itacen bakin rijiya, da muryar ladan wadda iska ke kawowa rabi ta tafi da rabi. Sai kuma ƙahon bariki. Barikin yana kan tudu, yana kallon gari. Ana busa ƙahon da safe in za a ɗaga tuta, a busa da rana tsaka, a busa da yamma. Ba wanda ya ce mu yi aiki da shi, amma a hankali ya shiga cikin aikinmu. In ƙahon safe ya same ki ba ki ɗora ruwa ba, ke ce malalaciyar unguwa. In na rana ya busa ba ki kai fura gona ba, sai ki shirya jin magana. Yanzu kowa da agogo ɗaure a hannu, kuma ban ga abin da ake yi a kan lokaci ba.

Nasaran da ke barikin ba su fi biyu ko uku ba. Sauran duk baƙaƙe ne kamarmu, an kwaso su daga ƙasashen da ba mu san sunansu ba, da jar hula da naɗin ƙafa, suna wani yare da ba Hausa ba, ba Barbarci ba. Ba ma son su, wannan ba a ɓoye yake ba. Dawakinsu ke fara sha a rijiya, mu tsaya da tuluna a rana sai sun gama. In kaka ta yi a zo a auni hatsi a rumbu a ce na ciyar da soja ne. Maigidana yana cikin waɗanda aka kama aikin tilas, suka ɗauko gumagumen goriba a kafaɗa tun daga kwarin wajen Bune, don a yi wa barikin rufi. Kafaɗarsa ta dama ta saluɓe, ta warke da wani ƙullutu wanda bai baje ba har ya koma ga Allah. Takarkarinsa guda, wanda ya raina tun yana maraƙi, aka ara aka ɗora masa kaya zuwa arewa, ba a maido ko igiyarsa ba. Don haka in ƙahon ya busa yana cin tuwo, sai ya tsame hannu ya jira a gama, wai ba zai haɗiye abinci da wannan ƙarar ba.

Uwarsa kuwa, wadda duk gidan muke kira Inna, nata ganin daban ne, kuma dalilinta yana rubuce a fuskarta. Tana da tsagar gidansu, dogaye a kowane kunci tun daga gefen ido har haɓa, da guda a tsakiyar goshi. Tana ƙarama, ba ta gama famfara ba, mahara masu raƙuma suka same su a gona wajen Gamu suka ɗauke ta. Ta yi shekaru a arewa tana kiwon awakin wasu. Wata rana wani bafatake ya tsaya shan ruwa a rijiyar da take shayarwa, ya dubi fuskarta ya sake dubawa. Shi ya kawo labari gida, kawunanta suka bi sawu suka fanso ta. In tana ba da labarin nan ba ta kuka, ba ta ƙara gishiri. Takan dai shafa kuncinta ta ce, "Sunana na manta, yarenmu na manta. Fuskata ce kaɗai ta riƙe hanyar gida." Duk yaron da aka haifa a gidan, ran suna wanzami yake tsaga shi, ba a ma tsayawa shawara.

Haka aka yi wa ɗana na fari. Ran suna aka tsaga shi, aka shafa baƙin tukunya, mata suka yi guɗa. Kwana shida bayan nan haɓarsa ta kulle, ya kasa kama nono. Ina matsa masa a baki yana gangarowa ta gefe. Bai kai sati biyu a duniya ba. Kowa ya ce kwanansa ne ya ƙare, ni ma na faɗa, kuma gaskiya ne. Amma ni ce nake riƙe da shi, na ga inda kumburin ya fara. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Ina yarinya, a gidan miji, kuma askar nan ita ta tsaga maigidana da ƙannensa duka suka rayu.

Da na sake haihuwa, namiji kuma, tun ran kwana uku na daina iya cin abinci. Ana kawo mini kunun kanwa ina juyawa ina ajiyewa. Maigidana ya lura. Bai tambaye ni ba, amma ana gobe suna ya shiga wurin Inna, ina jin su ta bayan zana.

"Inna, wannan a bar shi haka. Aski kawai za a yi masa."

"A bar shi kamar ɗan tsintuwa?"

"Tun ban yi wayo ba rabon da a kawo hari ƙasar nan. Wa zai ɗauke shi?"

"Me ya hana harin? Kyawun fuskarka? Mutanen kan tudun can ne, waɗanda kake zagi safe da yamma. Kana zaginsu kana laɓewa a bayansu."

Can ta ce, "To, na ji. Muddin ana busa ƙahon can, na bar shi. Ran da aka daina, ran nan wanzami zai zo, kuma ba zan sake tambayar kowa ba." Washegari ta maimaita maganar a gaban dattawan da suka zo suna. Maigidana ya amsa yana murmushi, don a ganinsa Nasara sun zo ke nan, ko jikokinmu ba za su ga tafiyarsu ba.

Yaron ya yi wata biyar, ya fara zama ana tokare shi da tsumma, sai labari ya fito daga bakin matan da ke kai fura da ƙosai bariki. Wai ana ɗaure kaya. Wai za a kwashe sojan a kai su can arewa, a bar kumandan da 'yan gardi kaɗan, wato dogaran Nasara. Wai har an kira sarki da manyan gari an tambaye su abin da suka gani. Ba wanda ya san gaskiyar ko ɗaya, amma kafin kwana biyu gari ya rabu. A ƙofar gidanmu akwai wata aduwa inda maza ke zama bayan la'asar, turmina kuma yana jikin zanar, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena yake.

"Su tafi yau, gobe in yi sadakar fura," in ji maigidana.

Maƙwabcinmu mahauci, wanda ke kai nama bariki, ya ce, "Kai ka yi sadaka, ni kuma wa zai sayi cinya?"

"Kai dai ba ƙasar ce ta dame ka ba, kitsen akuyarka ne."

"Ƙasar ba da kitsen take tafiya ba? Dube ka, ko ƙashin miya ba ka saya, kana maganar ƙasa."

Aka yi dariya. Sai ƙanen mahaifin maigidana, tsohon da muke kira Baba, ya gyara murya. Shi ya ga zamanin da. Ya ce, "Ku yara ne. Ba ku taɓa kwana uku a kan dutse da ɗanyen gero a aljihu ba, kuna hango hayaƙin rumbunku. Ba ku taɓa noma da kwari da baka a rataye ba. Yau mace tana tafiya daga nan har Alakoss da ƙwaryar nono, ba mai ce mata daga ina."

Maigidana ya ce, "Baba, da can a guje ake ɗaukar mutum, sau ɗaya a shekara. Yanzu da rana tsaka ake ɗaukarsa, da takarda, sarki yana kallo."

"Mai takarda yana maidowa."

"Ina ya maido ɗan mai kitso? Damina huɗu ke nan."

Baba ya sauya magana. Ya ce, "In sun tafi, da me za ku tsare garin? Masunmu na yaƙi sun zama fartanya, bindigogin an karɓe."

"Wa ya karɓe? Ai su ne. Sun karɓe sandarka sun ce ba ka iya tsayuwa sai da su."

Haka ake yi kullum har a kira magariba, a watse ba wanda ya ja wani. A rijiya ma haka. Wata ta ce su tafi mu sha ruwa da sanyin safiya kamar mutane, wata ta ce ke ba ki da 'ya'ya mata shi ya sa. Ni ban sa baki ba ko sau ɗaya. Ina jin maigidana yana magana in ga gaskiyarsa ce, ni nake shafa masa man shanu a kafaɗar nan in sanyi ya tashe ta. Amma da safe, in na ɗauki taɓarya, sai in riƙa sassauta dakan don kada ƙahon ya busa ban ji ba. In ya busa sai in ji numfashina ya sauka, in dubi fuskar yaron in ce yau ma mun samu. Ni da aka cuci mijina, ni ce nake roƙon Allah a ɓoye kada masu cutar su tafi. Har yau in na tuna ina jin kunyar abin, ko da yake ban san yadda zan yi dabam ba.

Wata rana na kai masa ruwan wanka na kasa daurewa. Na ce, "In sun tafi, ɗanka fa? Ka manta abin da Inna ta faɗa?"

Ya tsaya da butar a hannu. Wallahi ya manta. Ya ce, "Wannan daban, wancan daban."

Na ce, "A waje daban ne. A gidan nan ɗaya ne."

Yammacin ranar bai fita gindin aduwa ba, amma washegari ya fita, kuma abin da ya saba faɗa shi ya faɗa. Ban ga laifinsa ba.

Ranar da nake son ba da labarinta, ya yi sammako ya tafi kwari yankan kaba. Na share tsakar gida, na ɗora ruwa, na zuba gero a turmi. Ina daka ina saurare. Rana ta fito ta taɓa kan zana, ba ƙaho. Ta sauko ta taɓa bakin randa, ba ƙaho. Na ji taɓaren maƙwabta ma sun tsaya ɗaya bayan ɗaya, garin ya yi wani irin shiru, har kukan kurciya kana ji daga nesa. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya tana fuskantar tudu, ta daɗe. Idonta ya riga ya yi rauni, ba abin da take hangowa, kunne take ba shi. Sannan ta koma ta ɗauko mayafi da sandarta. Ba ta aiki kowa ba, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ki dafa ruwa ki yi wa angona wanka," haka take kiran yaron da wasa. Ta fita, na san gidan wanzami ta nufa.

Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na goya yaron, na ɗauki tulu kamar mai zuwa rijiya, da na kai mararraba sai na ajiye tulun a gindin wata kurna na kama hanyar tudu. Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane girman abin ba. Matar aure 'yar gidan mutunci ba ta hawa tudun nan. Wadda aka gani a can, an gama da sunanta a rijiya. Ƙafafuna suna nutsewa cikin yashi, yaron yana ta wasa da gashin ƙeyata. So nake kawai in gani da idona ko sun tafi.

Ba su tafi ba. Ga dawaki a ɗaure, ga hayaƙi yana tashi, ga tuta ma a sama, an ɗaga ta ba busa. A bakin ƙofa wani soja yana zaune a kan dutse, bindiga a jingine, yana ɗinke takalminsa. Ba yaro ba ne. Fuskarsa cike take da tsaga, amma ba irin tamu ba, tasa ta kewaye fuskar ne tun daga goshi har ƙarƙashin haɓa, da wata gajera a gicciye kusa da hanci. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Hausarsa a karkace take, ta bariki, amma na gane duk abin da ya ce.

"Me kika kawo? Fura?"

"Ban kawo komai ba. Tambaya na zo yi. Ba a busa ƙaho ba yau."

Ya dube ni kamar zai yi dariya, sai bai yi ba. Ya ce, "Mai ƙaho ya gudu."

"Ya gudu ina?"

"Gida. Ya ji an ce arewa za a ƙara kai mu. Shekara biyar bai ga uwarsa ba." Ya ja zare da haƙori. "Ba zai kai ba. An bi shi da dawaki. Ƙasarmu ɗaya da shi, fuskarmu ɗaya. Duk rijiyar da ya tsaya roƙon ruwa, an san ba ɗan nan ba ne. Gardi ba sai ya san sunansa ba, ya ce kun ga mai fuska kaza, a nuna masa hanya."

Na ce, "To, za ku tafi ne ko kuna nan?"

"Mu ba a tambayarmu."

"An ce an tambayi manyan gari."

Nan ya yi dariyar. "Ku ma ba a tambayarku. In takarda ta zo mu tashi, in ba ta zo ba mu zauna. Da ni ake tambaya, da yanzu ina gaban uwata tana yi mini faɗa." Ya taɓa kuncinsa da allurar. "Ita ta sa aka yi mini wannan, don in an sace ni a gane ni. Ran da aka zo ɗibar soja na gudu garin kawuna, kwana biyu a ƙafa. A kasuwa aka tsince ni. An gane ni ɗin kuwa."

Yaron ya leƙo ta gefen kafaɗata yana kallon jar hular. Sojan ya dube shi, ya karkata kai ya dubi kunci ɗaya, ya dubi ɗayan. Ya ce, "Ɗan wace ƙasa ne wannan?"

"Ɗan nan ne."

"Ba a gani." Ya koma kan ɗinkinsa. "Wannan in ya gudu, ya gudu. Sauka, kafin sarzan, babbanmu, ya fito."

Da na shigo gida, ba tulu, na tarar an shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu. Wanzami yana zaune ya buɗe zabira, shi ne dai wanda ya yi wa na fari. Mutum ne mai barkwanci, ba ya shiga gida bai sa mata dariya ba, amma ran nan yana ta wasa aska a tafin hannu bai ɗago ya dube ni ba. Matan gida da na maƙwabta sun taru. Daga yadda suka yi shiru na san wata ta hango ni a kan tudu, labari ya riga ni isowa. Inna tana kan kujerarta. Na je gabanta na durƙusa da goyon a bayana.

"Ina ruwan da na ce ki dafa?"

"Ban dafa ba, Inna."

"An ce kin hau tudu."

"Na hau."

Wata daga baya ta ja salati a hankali. Inna ta ce, "To, tunda kin zama mai kai wa soja gaisuwa, me suka ce miki?"

Na gaya mata. Ban rage komai ba: suna nan, mai ƙahon ne ya gudu, kuma da fuskarsa za a kamo shi. Na faɗi maganar kasuwar garin kawun. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gabanta ba.

Ta ce, "Yau suna nan. Gobe fa? In sun tashi masu raƙuma suka dawo?"

"Ban sani ba, Inna. Ban san wanda zai zo ba, masu raƙuma ko masu jar hula. Na dai ga yau mai kamu ma fuska yake dubawa, kamar yadda mai neman nasa yake dubawa."

Hannunta ya tafi kuncinta kamar yadda ya saba. Da ta yi magana, ba da faɗa ta yi ba. Ta ce, "'Yar nan, ke ba ki san abin da ake nufi da a dube ki a ga ba ta kowa ba ce. In ya ɓata, da me za mu gane shi? Ki gaya mini wannan kawai."

Sai na kwance goyon. Tun yana kwana biyu na san da abin, don ba inda ban duba ba a jikin yaron nan, tsoro ya sa na haddace shi kamar yadda ake haddace hanyar rijiya. A bayan kunnensa na hagu, can cikin lungu inda gashi ke rufewa, akwai tawadar Allah, baƙa, ta ɗan taso, kamar an raba ƙwayar wake biyu. Na kama yatsan Inna na ɗora a kai. Ta shafa, ta sake shafawa. Yaron ya ji cakulkuli ya ƙyalƙyale.

Ta ce da wanzami, "Aske masa kan."

Ban taɓa ganin mutum ya yi aski da sauri da murna irin na ran nan ba. Bakinsa ma ya dawo, yana cewa ango ya yi suma kamar Buzu, amarya za ta gudu. Da ya gama, Inna ta ɗauki yaron ta fito da shi cikin rana, ta naɗe kunnen da yatsa, ta kira mutane ɗaya ɗaya. Matan gida, matar mahauci, wanzamin kansa. Ta aika aka shigo da Baba daga gindin aduwa. Kowa sai ya sunkuya ya duba, ta tambaye shi, "Wane kunne?" ya ce na hagu, sannan ta sallame shi. Maigidana ya dawo da damin kaba a ka ya tarar da layi, shi ma sai da ya bi. Ta ce, "Kun gani. Ku riƙe, kuma kada wanda ya gaya wa baƙo." Sannan ta juyo wajena. "Ban janye maganata ba. Ɗaga ta na yi. Je ki ɗauko tulun mutane inda kika yar."

Bayan kwana biyu aka sake busa ƙahon. Wani sabon hannu ne, busar tana fita kamar kukan jaki mai mura, gari duka aka yi ta dariya. A kwana na biyar aka shigo da mai ƙahon ta hanyar kasuwa, a ɗaure da igiya a bayan doki, leɓunansa sun farfashe. A wata rijiyar makiyaya aka same shi. Muna tsaye a ƙofar gida da Inna. Ta ce in gaya mata abin da nake gani, na gaya mata, har da yadda tsagar ta kewaye fuskarsa. Ta ce, "Da uwarsa." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta sake kiran wanzami don tsaga ba, ko a kan ƙannen yaron da suka biyo baya, kuma ba ta taɓa cewa ta fasa ba.

Sojan kuwa, rabi suka tafi da rani, rabi suka zauna shekara da shekaru. Ba a tambaye mu ran tafiyar ba, ba a tambaye mu ran zaman ba. Mahara ba su dawo ba. Ɗibar soja ce ta dawo, da babban yaƙin Nasara ya tashi, ta kwashi samarin unguwarmu, wasu sun komo wasu ba su komo ba. Inna da ɗanta sun ci gaba da gardamarsu har ta rasu, ita tana cewa ba don su ba da ba mu kwana a ɗaki ba, shi yana cewa ba don su ba da ɗakin namu ne. Na zauna tsakaninsu shekaru ina tuƙa musu tuwo, kuma har yau in aka matsa mini in faɗi wanda ya fi gaskiya, sai in ce kowannensu abin da aka yi masa yake faɗa. Maganar rijiya kuwa ta bi ni wajen shekara biyu, ana ce mini ta kan tudu. Na ɗauka, bai fi tulu nauyi ba.

Yaron nan yanzu furfura ta fara fito masa a gemu. Shi ne mai radiyon, kuma yana cikin masu cewa su tafi, da zafi irin na ubansa. Wataƙila da gaskiyarsa. Bai san an taɓa yin wannan gardamar a kansa ba, ya dai san shi ne na farko a gidansu da ba shi da tsaga. Duk waɗanda suka bi layi ran nan suka duba, Baba da wanzami da matar mahauci da maigidana, sun riga ni gidan gaskiya. Shi kansa bai taɓa ganin abin ba, ba inda ido ke kaiwa ba ne.

Jiya da safe ya shigo gaishe ni, ya durƙusa, radiyon yana ta magana a aljihunsa. Na miƙa hannu na ɗaga gefen hularsa, na sa yatsa a bayan kunnen hagu. Yana nan.

Ya ce, "Inna, me kike nema?"

Na ce, "Ba komai. Dubawa nake ko kai ne."